Hoton Da Aka Goge Kanari

“Mama, ina hannuna ya tafi?”

Guga nake yi a kan gadon otal, na shimfiɗa tawul don kada zanin gadon ya ƙone, ga fil a bakina. Na ɗago. Kanari tana durƙushe gaban kwamfutar Mai Hoto, ta dangwala yatsa a jikin gilashin.

“Wane hannu kuma?”

“Nawa mana! Jiya a kan gada ai kina riƙe da ni. Ga ki, ga gada, ga tsuntsaye... to ni ina nake?”

Na ajiye dutsen guga na matsa. Ni ce tsaf a hoton, cikin doguwar rigar ruwan toka da na ɓata idona wajen dasa mata duwatsu, iska ta ɗaga mayafina. Hannuna na dama yana ƙasa, yatsun a dunƙule, ba su riƙe da komai. An goge 'yata kamar yadda ake goge tabon mai a riga.

Ɗinki ne sana'ata. Tun da mahaifin Kanari ya rasu tana goye, da keken ɗinki nake riƙe da mu. Shekarunta biyar, surutunta ya ja mata wannan suna. Mai Hoto kuwa ɗaukar kayana ya fara zuwa yi, daga nan zance ya koma na aure. Shi ya kawo shawarar mu fita waje a ɗauki sababbin ɗinkuna a titunan wata ƙasa, kaya iri ɗaya na uwa da 'ya, ni da Kanari mu saka da kanmu. Yayata, wadda Kanari ke kira Inna, ta ƙi, ta ce mutumin da bai kai ki gaban uwarsa ba, ba a bin sa jirgi. Na ce ai ba mu kaɗai ba ne, 'yar gwaggonsa Mai Kwalliya tana cikin tafiyar, ɗaki ɗaya ma za mu kwana da ita.

Mai Hoto ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo da kyamara a wuya, sai ƙamshi.

“Zumata, kin shirya? Hasken safe ba ya jiran sarauniya fa.”

Na juya masa kwamfutar.

Ko gezau. Dariya ma ya yi, ya shafa kan Kanari. “Haba, wannan na gwaji ne! Naku ku biyu yana nan tafe, sai ranar ƙarshe.”

“Kawu, ka mayar mini da hannuna,” in ji Kanari.

“Zan mayar, tsuntsuwata.”

Ya fita duba rana. Mai Kwalliya ta zaunar da ni gaban madubi, ta kama haɓata tana shafa mini hoda. Hannunta da laushi, bakinta ne reza.

“Rufe ido, Anti. Kai, Umma ta yaba hoton nan na gada! Ta ce wannan budurwa da tsari take, ko alamar wahala babu.”

Na buɗe ido. “Wace Umma?”

“Mahaifiyarsa mana. Au... bai faɗa miki ita yake tura wa ba? Rufe idon, za ki ɓata mini kwalli.”

A bakin lif ɗin otal na tare shi.

“Mahaifiyarka ba ta san ina da 'ya ba?”

Ya sauke murya, irin wadda ke kashe mini jiki. “Rabin raina, ki fahimce ni. Tsohuwa ce. Ba a buɗe wa tsohuwa akwati gaba ɗaya. Bari ta so ki tukuna, sai in faɗa mata a hankali.”

“'Yata ba kayan cikin akwati ba ce.”

“Wallahi kamar ni na haife ta nake ji!”

“To yau za ka ɗauke mu tare. Kuma wannan hoton za ka tura.”

Ya ce, “An gama, sarauniyata.”

Ina son sa, kada in ɓoye muku. Shi ne namijin farko da ya sa na sake duba madubi don kaina. Na karɓi alkawarinsa hannu bibbiyu.

Wani titi muka je mai matakalar dutse, gidajensa da tukwanen furanni a tagogi. Sanyi kamar ya tsinke kunne. Na fito da mafi soyuwar kayana, shuɗi mai zaren azurfa, babba da ƙarama. A bayan wata ƙofa na shirya Kanari. Rigar ta ɗan yi mata yawa, na tattare ta baya na kama da fil, na ɗaura mata ɗankwali irin nawa, na maƙala ɗan fil a gefen mayafinta don kada iska ta yi gaba da shi. Haƙoranta na kaɗawa amma ta ƙi rigar sanyi.

“Mama, in ɗaga haɓa kamar ke? Kawu, kalle ni! Kalle ni!”

Ya durƙusa ya saita kyamara. Ban lura Mai Kwalliya ta ciro waya ba sai da na ji ta rangaɗa sallama.

“Umma, kin ce in nuna miki gari! Ga ɗanki yana aiki... ga kuma amaryarmu.”

Ta juyo da wayar saitinmu. Wata dattijuwa ce da tabarau, tana murmushi. Murmushin ya tsaya a kan Kanari.

“Masha Allah. Wannan 'yar fa, mai kaya irin na amarya?”

Mai Hoto ya miƙe. Ko kallona bai yi ba.

“'Yar talla ce, Umma. Haya muka ɗauko ta don hoton.”

Kanari ta ja gefen rigata. “Mama, mene ne haya?”

Na miƙa hannu na karɓi wayar. Na dubi dattijuwar na ce:

“Ina kwana, Umma. 'Yata ce. Ni na haife ta, mahaifinta ya rasu.”

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

“Allah ya ji ƙansa. Ba wa ɗana wayar.” Ba ta jira ya kai kunne ba, kowa na ji. “Kai, saurayi da kai, duk 'yan matan duniya ka rasa sai bazawara mai jela? Ni ba a kawo mini agola gida. In matar kake so, a san inda za a ajiye yarinyar. In ba haka ba, ga 'yar'uwarka nan kusa da kai, ba ta da wutsiya.”

Ta kashe. Mai Kwalliya ta karɓi wayarta tana gyara gira da farce.

“Ayya, Anti, ban san abin zai zama haka ba.”

Shi kuwa ni ya juyo wa da faɗa.

“Kin ga abin da kika jawo? Minti ɗaya kika kasa yin shiru!”

“Haya fa ka ce. A gabanta.”

“Magana ce kawai! Yarinya ce, anjima ta manta.” Ya matso, ya sassauta. “Zumata, ai ƙofa ba ta rufe ba. Kin ji Umma. Ki bar ta wajen Yayarki, can ma gida ne. Duk ƙarshen wata in kai ki ki gan ta. Mu haifi namu. Kada ki rusa mana rayuwa saboda abin da yake da mafita.”

Kafin in buɗe baki na ji motsi. Kanari ce ke kokawar cire rigar, fil ya karce ta a kafaɗa, ba ta ko yi kuka ba.

“Mama, ungo rigar. Zan zauna wajen Inna. Ba zan yi surutu ba, ki je kawai.”

Na durƙusa a kan dutsen nan mai sanyi, na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, na naɗe ta a rigar sanyina, na saɓa ta a kafaɗa. Da takalmi mai tsini na sauko matakalar.

“In kika tafi, ko hoto ɗaya ba za ki gani ba!” ya ɗaga murya. “Ki dawo, sarauniyata... Ke! Da ke nake!”

Ban waiwaya ba.

Ya cika wannan alkawarin, shi kaɗai ya taɓa cikawa. Ko hoto ɗaya bai ba ni ba. Rabin ɗinkunan kuma suna cikin akwatin Mai Kwalliya, don nawa ya yi nauyi a filin jirgi ta ce in kawo ta taimaka. Ba su dawo ba. Da aka ɗaura auren Mai Hoto da Mai Kwalliya, wata mai sayen kayana ta turo mini hoton walima: amarya cikin rigata ta ruwan toka, an rage mata ƙugu, ɗinkin ma a karkace.

Yayata ba ta ce “ai na faɗa miki” ba. Ta dai zo ta zauna ta taya ni yanka sabon yadi.

Kaya ana sake ɗinkawa. Abin da na kasa gyarawa Kanari ce. Ya ce anjima za ta manta. Har yau in baƙo namiji ya yi sallama a shagona, sai ta tattara 'yan tsummokaran wasanta ta shige ƙarƙashin teburin yanka, ta yi tsit har ya tafi. Rannan na leƙa na ce ta fito, ta sa yatsa a baki ta raɗa mini:

“Shhh, Mama. Kar ya san kina da ni.”

Ke da kike karanta wannan da ɗa a cinya, ga wani yana kiran ki zumarsa: kafin ki ɗinka ko ɗankwalin biki, ki sa ya kai ki gaban mahaifiyarsa da ɗanki a hannu, ya faɗi ko ɗan wane ne da bakinsa, kina tsaye. In ya ce miki “bari tukuna,” ki ɗauki ɗanki ki bar wurin tun yaron bai ji dalili ba.