Saƙon Muryar Hajiya Mas'uda

Turaren wuta da humra Khaulat take haɗawa a gidan mijinta a Azare. Ba ta fita kasuwa, ba ta ɗora wa 'yar kowa talla. Cinikinta duka a guruf ɗin Wasap yake, inda mata daga Azare har Yana da Dambam suke ganin hoton kaya su turo saƙo, a kai musu.

Surukarta, Hajiya Mas'uda, ba ta taɓa kallon wayar nan da idon rahama ba. A ganinta, matar auren da wayarta ba ta hutawa tana da abin ɓoyewa. Ta sa aka shigar da ita guruf ɗin domin ta sa ido, ta kuma fara yaɗa zarginta a cikin dangi. Daga ƙarshe ta ba ɗanta Abdulsamad zaɓi: ko a fasa wayar, ko Khaulat ta koma gidansu. Abin da ya fi ƙona ran Khaulat shi ne shirunsa. Shi da ya saya mata wayar da hannunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce wa mahaifiyarsa ta ba shi lokaci.

Wata rana da hantsi, tana jiƙa itacen turare tare da ƙanwarta Asma'u, saƙon murya ya faɗo guruf. Hajiya ce. Ɗanta ta nufa, yatsa ya kuskure. Cikin faɗa take cewa ta bincika ba ta ga komai ba, amma ya je ya gaya wa iyayen yarinyar ya kama ta da saƙon wani namiji, su karɓi 'yarsu ba gardama.

Cikin takaici Khaulat ta kai yatsa kan saƙon. Asma'u ta riƙe mata hannu.

"Yaya, kada ki taɓa shi. Allah ne ya wanke ki. Bari Azare ta ji irin bakin da kike zaune da shi!"

Khaulat ta san gaskiya ƙanwarta ta faɗa, kuma zuciyarta abin da take so ke nan. Amma ta tuna tsohuwar nan ita ta haifi mijinta, kuma in matan gari suka ji, ba ta ƙara ɗaga kai a gidan biki ko na rasuwa. Da yake ita ce mai kula da guruf ɗin, sai ta danna ta goge saƙon ga kowa. Asma'u ta yayimi mayafinta ta fice tana ce mata sakarya.

Bayan azahar Abdulsamad ya shigo, Hajiya ta tare shi a tsakar gida tana tambayar me ya yanke a kan saƙonta. Ya ce bai ga saƙo ba. Da ya duba wayarta ya nuna mata inda ta tura, sai ta zauna a kan turmi. Da ya ga an goge saƙon, ya kira Khaulat ya tambaye ta abin da aka ce a ciki.

"Maganar uwa ce da ɗanta, ba ni zan maimaita ba. Na goge kafin ta yaɗu. Amma ka sani, fushina da kai ya fi. Ka san ni, ka san sana'ata, aka jefe ni kana tsaye ka rasa abin faɗa."

Ya kasa kallonta. Sai Hajiya ta faɗa masa da bakinta ƙaryar da ta so ya ƙulla a saƙon, sannan ta ce:

"Ka bar mata wayarta. Ni na nemi tona mata asirin da babu, ita ta rufa min wanda yake akwai."

Abdulsamad ya durƙusa ya nemi gafarar matarsa. Sai da ta sha kukanta ta ƙoshi kafin ta yafe, aurensu kuwa ya zauna daram.

To, 'yan mata, ku riƙe wannan: haƙurin wanda ba shi da yadda zai yi ba abin yabo ba ne sosai. Haƙuri na gaskiya shi ne ramuwa ta zo hannunka, ka bar ta domin Allah.