Tabon Hagu

A gidan Mzee Kibwana da ke unguwar Ngamiani a garin Tanga, abu biyu ne ba a taɓawa. Na farko katakon murza capati, wato gurasar mutanen can, na marigayiya matarsa, Bi Zuhura, da ke rataye a bangon kicin. Na biyu hotonta guda ɗaya tak, wanda tsohon ya kifa a ƙasan akwati.

'Yarsa Mwanaidi tana ƙarama ƙwarai uwar ta rasu, don haka a hoton nan kaɗai ta san fuskarta: mace mai murmushi da gefen baki ɗaya, da ɗan tabo a ƙarƙashin idon dama. In uban ya fita takan ɗauko ta yi ta kallo. Ta san dai ba ya ƙaunar hoton. An ce ranar da aka wanko shi bayan rasuwar, ya duba ya ce, "Wannan ba ita ba ce." Ya ce tabon a hagu yake. Mai hoto ya rantse kyamara ba ta ƙarya, masu ta'aziyya suka yi ta kallon juna cikin tausayi. Daga ranar bai sake tada maganar ba.

To, cikin duk samarin Tanga, da masu kifi da masu jiran aiki a tashar jirgin ruwa, sai Mwanaidi ta kwaso wanda sana'arsa hoto ce. Shomari sunansa. Yana da ɗan shago da injin leza, wanda ke ƙona hoto a jikin katako da siririn haske, layi bayan layi, har fuska ta fito. Amare da masu ritaya na layi a wurinsa.

Da safiyar da Mwanaidi ta ambaci sunansa, uban na shan shayi da mandazi, irin fanken can, ƙanwarsa Gwaggo Tatu na goge kwakwa. Gwaggo mace ce mai murya. An ce ta taɓa yin atishawa wani jirgin ruwa ya ɗage anga, ya zaci an ba shi izinin tashi. Ta ajiye kwakwar ta ce a duniya ba ta taɓa jin sana'a mai mugun fata irin wannan ba, a ce mutum da ransa a cinna wa fuskarsa wuta, kuma ya biya. Ta ƙara da cewa, ba don komai ba, ɗan ƙawarta mai bas biyu har yanzu bai yi aure ba.

Mzee Kibwana ya ƙarasa shayinsa kafin ya yi magana.

"Ba zan tilasta miki kowa ba, 'yata. Amma mai cin abinci da hoto, da ƙarya yake ci. Da bakina ba zan ba shi ke ba."

Mwanaidi ta yi kukanta a ɗaki. Shomari ya ce su yi haƙuri, shi ba zai ɗauki 'yar mutum ba tare da albarkar ubanta ba. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo ya gaishe da tsohon, tsohon ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai karɓar haraji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mai bas biyu ya zama mai bas uku, a bakin Gwaggo dai.

Haƙurin Mwanaidi ne ya fara ƙarewa. Ranar da uban ya tafi garin Pangani ta'aziyya, ta sauke katakon, ta ɗauko hoton, ta naɗe su cikin zane ta nufi shago. A tunaninta, in tsohon ya ga fuskar matarsa a kan katakon da hannunta ya siɗe, zuciyarsa za ta yi laushi. Shomari ya ƙi. Ya ce katako irin wannan ba shi da na biyu, kuma abin da wuta ta ci ba ya dawowa. Ta roƙa, ta yi fushi, ta ce ashe son nasa na gaisuwar Juma'a ne kawai. Daga ƙarshe ya karɓa.

Da safen ranar nan Shomari ya yi ta sassaƙa wa wata makaranta hatimi, shi kuwa hatimi a juye ake sassaƙa shi. Ya manta bai mayar da injin daidai ba. Hayaƙi mai ƙanshin tsohon mai da fulawa ya cika shagon, goshi ya fito, girare suka fito. Sai da hasken ya sauko kan kunci Mwanaidi ta dafe ƙirji. Tabon yana hagu.

Shomari ya zauna a ƙasa. Ya ce akwai hanya ɗaya, a kankare fuskar katakon a sake. Amma kankarar za ta tafi da ramin da muciyar murzawa ta yi, da sawun wuƙa, da duk abin da ya rage na hannun Bi Zuhura. Mwanaidi ta girgiza kai, hawaye na zuba. Ta ce ita ta ɗauko, ita za ta mayar ta faɗi gaskiya. Ya ce injin nasa ne, kuskuren nasa ne, tare za su je.

Washegari da la'asar, bayan Mzee Kibwana ya dawo, suka durƙusa gabansa a baranda. Gwaggo Tatu ta ga katakon ta ɗora hannu a ka. Abin da ta faɗa ba zai maimaitu ba, amma hankakin unguwar sun kwana a wata unguwa. Tsohon ya miƙe. Ya karɓi katakon ya fita tsakar gida inda haske yake, ya daɗe a tsaye. Mwanaidi na kallon bayansa, tana jiran kalmar da za ta raba ta da Shomari har abada. Sai ta ga ya ɗora babban yatsa a kan tabon, kafaɗunsa na girgiza.

"Zuhura," in ji shi a hankali.

Ya juyo ya dubi saurayin. "Wa ya gaya maka a hagu yake?"

Mwanaidi ta gane abin da ya faru, ta kuma yi fatan Shomari ya ce gwaninta ce, ko mafarki, ko ma mene ne.

"Babu wanda ya gaya mini, Baba. Mantuwa na yi, injin ya juya hoton. Na ɓata maka kaya, na zo neman gafara."

Tsohon ya zauna. Ya ce mai ne ya fallatso mata tana suyar mandazi, shi da kansa ya shafa mata magani, da hannun damansa, tana fuskantarsa. Ashe mai wankin hoto ne ya kifa fim ɗin, hoton ya fito a juye. Amma da kowa ya ce hoto ba ya ƙarya, sai ya fara zargin kansa. Shekara da shekaru yana ɗauke da tsoron cewa ya manta fuskar matarsa, bai gaya wa kowa ba.

"Da ka ce gwanintarka ce," in ji shi, "da na karɓi katakon na gode, na sallame ka. Ka turo manyanka."

Ya dubi 'yarsa, wadda ke murmushi cikin hawaye da gefen baki ɗaya, ya dubi katakon. Gefen ɗaya ne. Ya ce mata kada ta ƙara taɓa masa kaya, sannan ya sa mata albarka.

An yi biki, an ci shinkafa da kwakwa har maƙwabtan maƙwabta. Gwaggo Tatu ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu cewa ita tun farko ta san tabon a hagu yake, kunya ce ta hana ta magana, ita da ba ta son yawan surutu.

Kada wani yaro ya ji wannan ya je ya saci kayan iyayensa, gaggawar Mwanaidi saura kaɗan ta rusa komai. Abin da ya cece su haƙurin Shomari ne, da gaskiyar da ya faɗa a lokacin da ƙarya za ta fi yi masa kyau. Katakon ya bar kicin, yanzu yana baranda. Kowace safiya Mzee Kibwana yakan juya kujerarsa ya fuskance shi, sannan ya sha shayinsa.