Kujerar Bayan Direba

Duk wanda ya daɗe a tasharmu ya san Saura-Ɗaya. Ya samo sunan tun yana yaron mota, lokacin da yake rataye a ƙofa yana ihun "saura ɗaya!" ko da motar wayam take. Ni da nake facin taya a bakin tasha, a kan idona ya tashi, a kan idona ya faɗi. Abin da ban gani ba, shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Har yau in na tuna 'yarsa sai abinci ya fita raina.

Daga yaron mota ya zama direba, daga nan ya mallaki 'yan motocin haya. Sai dai mutum ne da in ka ce masa taya ta suɗe, sai ya ce ai ba ta fashe ba. Birki kuwa, direba ya taka ya haɗa da addu'a. Inshora ko sunanta ba ya son ji.

Wata rana birki ya ƙwace wa motarsa a gangara, ta kife. Ba a rasa rai ba, amma ƙashin bayan wani magini ya karye, hannun daman wata mai ɗinki, uwar marayu, ya murƙushe. Lauya ya haɗa su suka kai ƙara suna neman diyya. Kotu ta ce likitanta zai duba su, abin da ya gani shi za a bi.

Mahaifiyar Saura-Ɗaya ta ce masa, "Ka sayar da mota ɗaya ka sallami bayin Allah nan. Hakki ne fa."

Ya ce, "Inna, in na biya waɗannan, gobe duk wanda ya yi tuntuɓe a motata da lauya zai zo."

Da tsakar rana ya je wurin wani boka, can bayan inda ake jibge matattun motoci. Cikin gawar wata bas yake zaune, an toshe tagoginta da jan ƙyalle. Tun daga ƙofa warin tsohon jini da baƙin mai ya tare shi. A kan kowace kujera akwai takalmi wari ɗaya, na manya da na yara. Inda injin yake a da, wata baƙar tukunya ce cike da fasasshen gilashi, tana huci ba wuta a ƙarƙashinta.

Boka bai ɗago kai ba ya ce, "Faɗi."

"So nake kada in biya kowa komai. Kuma motocina su yawaita."

"Ban ji ka ce su warke ba."

"Warkewarsu ba damuwata ba ce."

Boka ya karɓi yagaggen murfin kujera mai jini da Saura-Ɗaya ya zo da shi daga motar da ta kife, ya tura cikin tukunyar. Ya zaunar da shi a mazaunin direba, ya sa ya riƙe sitiyari, ya hana shi kallon madubi. Sai ya ji bas ɗin da ba ta da taya ta yi girgiza, kujerar da ke bayansa ta lotsa, wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

Boka ya ce, "Ranar da likita zai duba su, zan ɗauke ciwon daga jikinsu. Ido ba zai gani ba, na'ura ba za ta gani ba. Da yamma zai koma musu, amma ba duka ba. Ragowar ciwon zai zama fasinjanka, sai ka ba shi wurin zama. Kujerar bayan direba, a kowace motarka. Kada a sayar, kada a ɗora kaya."

"Haba, ranka ya daɗe! Ita ce fa ake rububi. Ba za a yi ta can baya ba?"

"Ta bayan direba."

"To, na yarda."

"Ba wata tambaya?"

"Babu."

Kun ji fa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tambayar kowane fasinja "ina za ka sauka?", ranar bai tambaya ba.

Ranar duba, magini ya miƙe tsaye garau. Mai ɗinki ta kwance bandeji, ga hannu sumul kamar na jariri. Likita ya ce babu abin da ya same su, aka kori ƙara, har alƙali ya yi musu faɗa. Matar tana kuka tana cewa, "Wallahi da gaske nake!" Kafin rana ta faɗi hannun ya sake lanƙwashewa, amma wa zai saurare ta kuma?

Daga nan arziki ya ɓalle. Motoci suka cika tasha, duk da sunansa a goshi. Haɗari bai fasa ba, ƙara ba ta fasa ba, kuma ko sau ɗaya bai biya ba. Direbobi suna raɗa cewa kujerar nan kullum da ɗumi take, kuma kan hanya sukan ji nishi a bayansu.

Ya gina katafaren gida mai faɗin fili. Da yake ya san halin direbobi, don shi ma ya yi, sai zargi ya hana shi sukuni: kada su zuƙe mai, kada su yi lodin bayan fage. Ya kafa doka cewa kowace mota, in ta sauke fasinjan ƙarshe, a harabar gidansa za ta kwana.

Inna aka fara da ita. Tana zaune a kan tabarma ta ƙwala ƙara ta ce bayanta ya karye. Aka yi hoto, ƙashi lafiya lau. A kwance ta ƙarasa kwanakinta, ba ta sake yi masa maganar hakki ba, sai dai ta bi shi da ido. Bayan rasuwarta matarsa ta fara ƙanƙame ƙofa da kujeru tana ihu, "Direba, tsaya! Akwai yara!" Danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Saura 'yarsa, ita kaɗai Allah ya ba shi. Yarinya mai fara'a, takan gaishe ni da "Baba mai faci, ina gajiya?" ko da tana cikin motar gidansu mai sanyi. Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunta na dama, yatsun suka ƙi motsi.

Ya ruga wurin boka. Boka ya ce, "Kowace mota tana da tashar ƙarshe. Kai ka mai da gidanka tasha."

"Zan kwashe motocin yau ɗin nan!"

"Ai fasinjojin sun riga sun sauka. Sai dai in masu ciwon sun karɓi hakkinsu da hannunsu."

Ya bazama nema. Magini ya rasu. Wasu sun bar gari, wasu ko sunansu bai taɓa sani ba. Da ƙyar ya gano mai ɗinki a wani ɗaki da babu komai sai tabarma, keken ɗinkin ma an sayar. Ya durƙusa ya ce, "Baiwar Allah, na zo in biya ki diyyarki. Ki faɗi ko me kike so."

Ba ta ɗaga murya ba ta ce, "Diyyar me? Kotu ta ce lafiyata ƙalau. Yaron da zan saya wa magani da ita, mun binne shi bara. Tashi ka je, bawan Allah."

Ya koma asibitin da aka kwantar da 'yarsa ya tarar ciwon ya kai ƙirjin yarinyar. Babban likita ya ja shi gefe ya ce, "Mun duba ko'ina. Babu abin da ya same ta."

Yarinyar ta kama rigarsa da hannun hagu ta ce, "Baba, ka gaya musu da gaske nake."

Ita ce maganarta ta ƙarshe. Matan da suka yi mata wanka sun ce ko ƙwarzane babu a jikinta.

Motocin sun ruɓe a harabar gidan, don babu direban da ya yarda ya sake taɓa su. Shi kuwa yana nan a tasha, ba takalmi, gemu duk ƙura. In ya ga wani zai zauna a bayan direba sai ya riƙe masa riga yana hawaye: "Da mutum a nan. Don Allah ku tambaye shi inda zai sauka." Baƙi su yi dariya. Mu da muka sani ba ma yi.

Kai mai mota, da kai da kake mafarkin mallakar ta, ku saurare ni. In motarka ta karya ɗan mutane, ka biya shi tun yana iya miƙo hannu ya karɓa. Kotu za ta iya wanke ka, boka zai iya rufe idon likita, amma ciwon da ka ƙi biya bai sauka ba. Yana zaune a bayan direbanka, kuma ya san hanyar gidanka.