Cibiyar da Ta Ɓace daga Taswira

Ranar Talata da hantsi Sufeto Dawuda yana zaune a caji ofis na Kankia, ya ɗauki ƙosai na biyu ke nan, sai ga wata tsohuwa ta shigo tana jan wani ƙato ta wuyan riga. A bayansu akwai wata matashiya da idanu jajur.

"Yallaɓai, ga ɓarawo na kawo maka," in ji tsohuwar. "Ni ce Inno, shugabar mata maɗinka ta Kaikai. Kekunan ɗinki takwas muka sayo daga Kano. Waya ta ce an kawo muna. Ni dai ko allura ban gani ba."

"Inna, sakar masa wuyan, da shi zai yi bayani."

Matashiyar ta ce sunanta Sakina, ita ce manajar cibiyar rarraba kaya ta wani kamfanin kai saƙo. Babbar mota takan sauke kaya a wajenta. Daga nan manhajar kamfani, wadda ke cikin wayar kowane ma'aikaci, ita ke faɗa wa direba ƙaramar cibiyar da zai kai su, ko Kusada ko Fakuwa. Ƙaton kuwa Bishir ne, direban keke napep ɗinsu.

"Babban ofishinmu na Kano sun ce in kekunan ba su fito ba zuwa jibi, za su rufe mu," in ji Sakina. "Mu goma sha ɗaya ne ke ci a wurin nan."

Sufeto ya dubi Bishir. "Ina ka kai su?"

"Cibiyar Kaikai, yallaɓai. Jiya da azahar."

"Cibiyar mi?" Inno ta yi tsalle. "A Kaikai aka yanke mani cibi, ita kaɗai ce cibiyar da na sani a garin!"

"Ni ma ban taɓa buɗe cibiya a Kaikai ba," in ji Sakina. "Yanzu ma babu ita a taswira."

Sufeto Dawuda bai iya waya ba sai kira da amsawa, kuma ba ya ɓoyewa. Ya miƙa wa mataimakiyarsa, Saja Murja, wayar Bishir. Ta latsa, ta latsa, ta ɗago kai.

"Ya yi lodi da ƙarfe ɗaya da kwata, yallaɓai. Ya sauke ɗaya da minti ashirin da shida."

"Minti sha ɗaya." Sufeto ya ajiye ƙosai. "Bishir, yaushe aka sa wa keken naka fiffike?"

Bishir ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya bai je Kaikai ba. Sunan dai Kaikai ne ya fito a waya, amma jan ɗigon da ke taswira nan bayan gari ya tsaya, a hanyar Tafashiya. Ya tarar da shago a buɗe ba kowa, ya sauke, ya ja ƙofa.

"Kai ba ka san inda Kaikai take ba?"

"Na sani mana. Amma mu an ce kada mu yi gardama da waya. Ga shi kuma ana ƙwallo ƙarfe biyu."

"Allah shi shirye ka," in ji Inno.

Suka ɗunguma zuwa shagon. Tsohon wurin faci ne, mai shi ya yi shekara da komawa Katsina. Babu keke, babu kwali. Sufeto ya tsuguna a bakin ƙofa, ya tsinci wani abu, ya murza a yatsu, ya shinshina.

"Dusa ce," ya ce. "Ga kashin rago kuma, bai ko bushe ba. Wanda ya zo nan da rakiya ya zo."

Daga nan suka wuce cibiyar Sakina, wani dogon shago kusa da tasha da ya sha sabon shuɗin fenti. A ƙofa an ɗaure wani ƙosasshen farin rago, gefensa guda duk shuɗi. Sufeto na wucewa ragon ya cafke bakin fayil ɗinsa.

"Kai, Manaja! Saki!" Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito da gudu. "Yi haƙuri, yallaɓai. Ragona ne, Manaja nake ce masa. Na layya ne, tun yana ƙarami nake kiwonsa, ya saba bi na. Ni ne Ɗanmaliki, mai kula da sito."

"Wa ya yi masa fenti?"

"Shi ya yi wa kansa. Bango ya goga ran da aka shafa."

A ciki Sufeto ya zaunar da Sakina. "Wa ke iya buɗe sabuwar cibiya a manhajar nan?"

"Ni kaɗai. Sai da lambar sirrina."

"Wa ya san ta?"

"Babu kowa."

Sufeto ya miƙe. Tun shigowarsa ya lura kalandar da ke bayan kujerarta ta yi baƙi a kusurwa ɗaya, irin baƙin yawan taɓawa. Ya ɗaga ta. Ga lambobi shida an rubuta da biro a jikin bango, manya-manya.

Sakina ta rufe fuska. "Mantuwa gare ni, yallaɓai."

"To ai bangon bai da ita."

Saja Murja ta tambayi abin da manhaja ke nema kafin ta yarda a buɗe cibiya. Sakina ta lissafa: suna, ɗigo a taswira, lokutan aiki, sai hoton ƙofar wurin, wanda dole a tsaya a gabanta a ɗauka nan take.

"In an goge cibiyar, hoton na tafiya?"

"Daga wayoyinmu dai. Amma a Kano komai na nan."

Sakina ta kira Kano. Aka ce sai an nemi mai kula da wannan sashen, ya tafi cin abinci. Sai bayan azahar hoton ya iso. Saja Murja ta buɗe, ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Ta miƙa wa Sufeto.

Ƙofar shagon facin ce sosai. A gefen dama kuma ga rabin rago, fari, gefensa shuɗi, ya zuba wa mai ɗaukar hoto ido kamar za a yi masa fasfo.

Aka kira Ɗanmaliki. Ya kalli hoton, ya kalli rufin ɗaki.

"Yallaɓai, raguna ai kama gare su."

"Har da fentin kamfani?"

"To, ko ya tsinke igiya ya tahi yawo. Dabba ce."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Masallaci. Daga nan gida."

"Ƙarfe nawa Manaja ke cin dusa?"

Ɗanmaliki bai ga inda tambayar ta dosa ba. "Da la'asar. Ba ya saɓawa."

"A gida?"

"A gida mana."

Sufeto ya tashi a gidan makiyaya, ya san rago ba ya bin adireshi, inda ya ci jiya yake komawa. Ya kuma san wanda ya ɓoye kaya ba ya iya nisa da su. Da aka idar da la'asar ya kwance igiyar da hannunsa.

Manaja ya girgiza jiki ya kama hanya. Sufeto na biye, sai Ɗanmaliki, sai Saja Murja, sai Sakina, sai Inno ta ɗaure gyale a ƙugu, Bishir a baya da keke a hankali kamar mai rakiyar amarya. Masu shayi da 'yan acaɓa suka bar abin da suke yi suka shiga layi.

A mararraba, gidan Ɗanmaliki na hannun dama. Ɗanmaliki ya yi ta yi wa ragon fito yana kaɗa yatsu wajen dama. Manaja ko waiwaye bai yi ba, ya yi hagu.

Ya tsaya a wani ɗakin ajiyar harawa bayan injin niƙa, ya kai wa ƙofa karo. Makullin na cikin aljihun Ɗanmaliki. Ga kwanon dusa a bakin ƙofa. Da aka yaye harawa, ga kwalaye takwas, ko tef ba a ɓare ba.

Inno ta rangaɗa guɗa har ragon ya firgita.

Ɗanmaliki ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ne. Ya kwafi lambar daga bango, ya buɗe cibiyar a wayarsa, ya sa mata suna Kaikai don manhaja ta tura kayan can da kanta. Bishir na tafiya ya kwashe su a amalanke, ya goge cibiyar. Wani dillali zai zo ɗauka ranar Juma'a.

"Ba ka ga ragon a hoton ba?" in ji Saja Murja.

"Sau huɗu na kore shi, ɗiyata. Duk na ɗaga waya sai shi dawo. Na ce ai gogewa za ni yi."

Aka sa masa ankwa, aka kira motar 'yan sanda aka saka shi. Kafin a rufe motar Sakina ta riga ta kira Kano, tana magana tana dariya tana share hawaye. Ba za a rufe su ba. Sun ma ce tunda akwai masu saye a Kaikai, ta buɗe cibiya ta gaske a can.

"A zaurena," in ji Inno. "Kuma ni za a ɗauka a hoton."

Ɗanmaliki ya leƙo ta tagar mota. "Yallaɓai, wa zai ba Manaja dusa?"

Inno ta naɗe igiyar a hannu. "Tahi abinka. Duk cikin ma'aikatan nan shi kaɗai ya kai kaya inda ya dace. Yau har da wake zai ci."