Miyar da Ta Ƙi Ƙarewa

Auta ba ta taɓa fita ƙasar waje ba sai wannan hutun, da ta je wurin gwaggonta. Yarinya ce mai kirki, sai dai fa ba ta bari a kai ƙarshen magana. Komai ta sani.

Wata rana da hantsi suka bi ta wani layi cike da masu sayar da abinci. Auta ta ja ta tsaya gaban wata tsohuwa mai ƙatuwar tukunya. Gwaggo ta saya mata, ta zaunar da ita a benci, ta ce za ta leƙa kantin magani a tsallaken titi.

"In kin ƙoshi, sai ki..."

"Na sani, Gwaggo."

Gwaggo ta harare ta, ta wuce.

Wata miya ce mai ruwa-ruwa, da wasu fararen ƙwallaye masu santsi. Auta ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta ɗanɗana, ta ji daɗi, ta shanye tas.

Tana ajiye cokali a cikin kwano, sai tsohuwa ta sake cika shi. Ikon Allah, wa ya ce a ƙara? Amma Mama ta hana barin abinci a kwano, don haka ta daure ta shanye.

Tsohuwa ta sake cikawa.

Auta ta ce ta ƙoshi. Tsohuwa ba ta jin yarenta, murmushi kawai ta yi. Auta ta shafa cikinta don ta nuna ya cika. Ai kuwa sai aka ƙaro mata ƙwallaye.

Kanta ya ɗaure. Ga wani mutum kusa da ita, ya gama, ba wanda ya ƙara masa. To ita me ta yi? In ta bar shi, ta saɓa wa Mama, ta kuma ɓata wa tsohuwa rai. In ta ci gaba, cikinta zai fashe. Sai hawaye.

A haka Gwaggo ta same ta. Ta ɗauki cokalin, ta gicciya shi a bakin kwano. Nan take tsohuwa ta ajiye ludayi.

Ashe a wurin, cokali a cikin kwano yana nufin a ƙara. Abin da Gwaggo ta so gaya mata ke nan.

Tsohuwa ta yi wata magana, duk bencin ya ɗauki dariya.

"Gwaggo, me ta ce?"

"Cewa ta yi in ji tsoron Allah in riƙa ba ki abinci a gida. Kin ga abin da kika ja mini."

Auta ta yi dariya tana riƙe da ciki.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Wallahi ban sani ba."

Gwaggo ta ce ai rashin sani ba laifi ba ne, ƙin saurare ne laifi. Daga ranar, in babba yana magana, Auta sai ta ji ƙarshen maganar. Abin da ba ta gane ba kuwa, sai ta tambaya.