Tabar Ranar Makoki

Da hantsi Onelia ta kai wa ubanta gahawa ɗakin ajiyar taba, ta tarar da shi kife a ƙasa, ƙeyarsa a fashe. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin a kan tebur, ta aika a kira 'yan sanda.

Kofur Eusebio Lastra ne ya zo. Ɗan manomin taba ne, kamar kusan kowa a San Juan, kuma ya san mamacin tun yana yaro. Don Nemesio Arrieta. Duk ƙasar Pinar del Río, a tsibirin Kuba, ba a yi mai naɗa taba da hannu kamarsa ba. Ba a kuma yi mai baƙin baki kamarsa ba.

Da katakon matse taba aka buge shi, ga shi nan yashe, jini da furfura manne a jiki. Makullin akwatinsa na rataye a wuyan gawar. Akwatin katakon al'ul mai ƙamshi da kowa ya san labarinsa yana buɗe, cike taf da naɗaɗɗiyar taba, kara bisa kara, kowanne da 'yar murɗaɗɗiyar wutsiya irin ta gidan. Shekarar da matar tsohon ta mutu aka naɗe su, da ganyen da ba a sake samun irinsa ba. Ya kulle, ya ce ba mai ɗanɗanawa sai ranar makokinsa. Fiye da shekara ashirin ke nan.

Ba a taɓa komai ba. Sai kara ɗaya a kan tebur, an tsaga shi da wuƙa daga kai har gindi.

Lastra ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ya hana gwamna kara ɗaya, me zai sa ya farke nasa da hannunsa?

Ya sunkuya ya shinshina akwatin. Ƙamshin katako ne kawai. Ya ɗauki tsagaggen karan, ya kai shi hancinsa. Zarni ya doke shi, irin na ganyen da bai gama hucewa ba. Tabar da ta daɗe a kwance ba ta zarni. Zafinta ya mutu, sai ƙamshin zuma da tsohuwar fata. Wannan ko shekara ba ta yi ba. Ya zaro wani daga ƙasan akwatin, ya zaro wani. Duk ɗaya.

An kwashe na ainihi, an zuba sabbi. Tsohon ya gano. Wanda ya zuba ɗin yana tsaye a bayansa lokacin da ya gano.

Kafin Lastra ya koma bariki har Saje Borrego ya yi kamu. Anacleto ne, babban mai naɗi na gidan, baƙi, siriri, wanda ya shiga hannun Don Nemesio tun bai fara gemu ba. Jiya tsohon ya watsar da aikinsa a ƙasa a gaban mutane, ya ce igiyar ɗaure akuya ya tufka. An ji Anacleto ya ce, “Wata rana za ka gani.”

“An gama,” in ji Borrego. “Saura ya ce i.”

“Yallaɓai, akwai wani abu.”

Lastra ya ba shi labarin akwatin. Ya ce duk wanda ya yi musanyar ya iya wutsiyar gidan, hannu ne da aka horar.

Borrego ya yi murmushi, ya ɗauko kulkinsa daga kan tebur.

“Ashe hannu ne ya yi laifin. Ni kuma tun ɗazu haƙarƙari nake tambaya. Na gode, Kofur.”

A nan Lastra ya gane abin da bakinsa ya jawo.

“Ba ni lokaci zuwa a ɗauki gawa gobe, Yallaɓai.”

“Je ka yi ta shinshine-shinshinenka. Ni ma ina nawa aikin.”

An bar shi ya ga fursunan. Anacleto na zaune a ƙasa, leɓe a kumbure, ya cusa hannayensa a hammata kamar mai jin sanyi. Lastra ya nuna masa tsagaggen karan.

“Aikinka ne?”

Anacleto ya kalla, ya tofar da yawu mai jini.

“Dukan ma ya fi mini wannan tambayar, Kofur. Dubi cikin. An murɗe ganyen kamar ana matse wanki. Ta ina hayaƙi zai bi?”

“Ka ce masa zai gani.”

“Kullum ina faɗa. Kullum yana zagina. Haka muke gaisawa.”

“Wa kuma ya iya wutsiyar nan?”

“Ni da shi. Ya so ya koya wa Leandro, ɗansa. Yaron ya gudu daga kan benci tun yana ƙarami. Direban babbar mota ne yanzu. An ce ko sigarin takarda ba ya iya naɗewa.” Ya ɗago ido. “Saje ya ce zai dawo da yamma. Ya tambaye ni da wane hannu nake riƙe wuƙa.”

Lastra ya fita.

A otal ya sami Tamargo, dillalin taba daga Havana, mai farar kwat da zobe a ƙaramin yatsa. Shekaru yana bin Don Nemesio ya sayar masa da akwatin, don yana da Amurkawa masu jira.

“Ina kake da safiyar yau?”

“Wajen faɗan zakaru. Rabin garin nan sun ga yadda aka yi mini tsirara a caca.”

Gaskiya ne, Lastra ya riga ya tambaya.

“An ce ka daina zuwa roƙon tsohon tun kafin damina.”

“Na gaji da zagi.”

“Kai? Mutumin da ya taɓa durƙusa masa a bakin coci?”

Tamargo ya gyara zobensa. “Kofur, gaishe mini da Saje Borrego. Tare muka ci abincin rana jiya.”

Ba shi ya yi kisan ba. Amma mai roƙo ba ya daina roƙo sai ya samu. Wani ya ba shi.

Onelia na kicin tana tsince baƙin wake. Ta haura arba'in, ba ta yi aure ba, jinyar uban ta cinye ta.

“Makullin fa, yana cire shi?”

“In zai yi barcin rana. Yana rataye shi a ƙusa.”

“To kowa a gidan nan zai iya ɗauka. Har ke.”

“Har ni.” Ba ta ɗago ba. “Ranar da uwata take shure-shuren mutuwa yana can yana zaɓen ganye. Da zan taɓa akwatin nan, wuta zan cinna masa. Gobe kuwa za a cinna. Kowane namiji sai ya sha, har ya ƙare. In ga ƙarshensa da idona.”

“Ni dai na ce a binne shi da kayansa.”

Leandro ne daga bakin ƙofa. Ƙato, idanu jajaye, rigar makoki ta matse shi.

“Abin da ya fi so a duniya ne. A sa masa a rami, a huta.”

“Duk garin nan sun san wasiyyarsa,” in ji Onelia. “Yau ka fara tausayinsa?”

Lastra ya tambaye shi inda yake da safe. Ya ce yana ƙarƙashin motarsa a bayan gari, shi kaɗai. Ba mai tabbatarwa, ba mai ƙaryatawa. Son a binne uba da kayansa kuma ba laifi ba ne. Borrego ba zai saki baƙin talaka ya kama ɗan Arrieta a kan wannan ba.

Da yamma da Lastra ya wuce ta bayan bariki, ya ji muryar Anacleto. Ba magana ba ce. Ya ƙara sauri.

Washegari da rana gidan ya cika. Manoma da masu naɗi da dillalai, kowa da hula a hannu, gawar a tsakiyar falo. Onelia ta fito da akwatin, ta ajiye kaskon garwashi da siraran tsinkayen al'ul a gefe. A San Juan ba a kai wa tsohuwar taba ashana, balle laita mai fetur. Warin yana shiga ganyen ya kashe abin da shekaru suka dafa. Da tsinken al'ul ake kunna ta, a hankali, ana juyawa. Don Nemesio ya taɓa marin baƙo a kan wannan.

Lastra ya tsaya a jikin bango. Bai faɗa wa kowa abin da ke cikin akwatin ba.

Aka fara rabo. Kowa ya karɓa da hannu biyu. Kowa ya ɗaga gindin karan ya kai hancinsa, ya lumshe ido, don shekara ashirin suke jiran wannan ƙamshin. Sai idanun suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya sake shinshinawa, ya kalli maƙwabcinsa. Suka bi layi wajen kaskon duk da haka, suka kunna da tsinke, suka zuƙa. Tari ya tashi nan da can.

“Wannan ce?” wani ya raɗa. “Wannan muka yi ta jin labari?”

“Yi shiru, ga gawa.”

“Ashe tsohon da baki kawai ya fi mu.”

Tamargo ya ce ƙirjinsa na ciwo, bai karɓa ba.

Leandro ya karɓi nasa da hannu ɗaya. Bai kai hanci ba. Ya gatse wutsiyar ya tofar, ya zaro laita daga aljihu, ya ƙyasta. Ya zuƙa, ya fesar, fuskarsa ba ta canja ba.

Lastra ya ratso mutane ya tsaya a gabansa.

“Ya ka ji ta?”

“Tabar babana ce.”

“Shi ya sa ka kunna ta da fetur?”

Leandro ya kalli laitar da ke hannunsa kamar wani ne ya ɗora masa.

“Hankalina ba ya jikina. Ubana ne a kwance.”

“Na kowa ba ya jikinsa, amma duk sun bi layi. A gidan nan aka haife ka. Tabon da ke girarka, waye bai san dalilinsa ba? Ashana ka ƙyasta kusa da ɗakin ajiya, ubanka ya fasa maka ita.” Lastra bai ɗaga murya ba. “Kowa a nan ya shinshina, domin bai san abin da zai ji ba. Kai ka sani. Kowa ya yi mamaki. Kai ba ka yi ba. Ka san shara ce, ka kunna ta yadda ake kunna shara. Jiya kuma kai kaɗai ka so a binne ta kafin hanci ya kai gare ta.”

Ya juya ga mutane. “Ba tabar Don Nemesio kuke sha ba. Tasa tana wajen mai ciwon ƙirji.”

Duk falon ya waiwaya. Tamargo ya dubi ƙofa, ya ga manoma sun cika ta.

“Ni saya na yi,” ya ce da sauri. “Ya ce uban ne ya aiko shi. Ban san da kisa ba, na rantse da kabarin uwata.”

Leandro ya zauna a kan kujerar da ke kusa da kan gawar. Karan yana ci a tsakanin yatsunsa.

“Wata da watanni ina naɗe su a gareji,” ya ce. “Na zaci ba zai buɗe ba sai ya mutu. Ya kira ni, ya tsaga ɗaya a gabana. Na jira ya ce mini ɓarawo.” Ya yi wata irin dariya. “Bai ce ba. Ko tambayar inda nasa suke bai yi ba. Ya juya mini baya yana tona cikin da wuƙa, yana dariya. Ya ce, ‘Ko satar ma ba ka iya naɗewa ba.’”

Onelia ta ɗauki kaskon ta koma kicin.

Borrego bai ji kunya ba. Ya sa hannu a takardar saki, ya ce kuskure aikin ɗan Adam ne, ya tura a kwaso kayan daga ɗakin Tamargo. Rabin akwatin ya riga ya haye teku. Sauran ya zama shaida, shaidar kuma ta kwana a gidan Saje. Lastra ya zare kara ɗaya kafin a tafi da su.

Ya sami Anacleto a barandar asibiti, hannayensa biyu naɗe da bandeji har gwiwar hannu, an ɗora su a kan matashi. Likita ya ce zai iya riƙe cokali wata rana.

Lastra ya zauna. Ya fito da karan. Karan ya yi duhu kamar gahawa, yana ɗan maiƙo. Ya kai masa hanci. Anacleto ya ja numfashi, ya daɗe bai sake shi ba.

“Juya shi in ga wutsiyar.”

Ya juya.

Anacleto ya kalla, ya kalla.

“Wannan ni na naɗe shi. Shekarar nan hannun tsohon rawa yake yi, rabin akwatin ni na yi. Ya hana ni faɗa.”

Lastra ya yanke kan, ya sa masa a baki. Ya roƙi garwashi wajen mai shara, ya kunna tsinken al'ul, ya riƙa juya karan a hankali har ya kama. Hayaƙin ya fito fari, mai kauri. Wata mai jinya da ke wucewa ta tsaya ta waiwayo.

“Ya ka ji ta?” in ji Lastra.

Anacleto ya yi magana ta gefen baki, idonsa a kan matashin.

“Igiyar ɗaure akuya. Cire mini, Kofur, toka za ta zuba a kan bandejin.”