Ɗan Zoben Da Ya Rage

A wani gari can bayan duwatsu, wani tsoho mai tukwane ya kawo wa bakanike baburinsa mai ƙafa uku. Sandunan da ke riƙe da tayar gaba sun saki, kullum tukwane sai fashewa.

Bakanike ya kwance, ya wanke, ya ɗaure. Sai ga ɗan zoben ƙarfe ya rage a ƙasa.

"Jefar da shi, ɗana, kasuwa za ta watse!" in ji tsoho.

"A'a, Baba. Daga ciki ya fito, ciki zai koma."

Ya sake kwancewa, tsoho na ta mita. Ya mayar da zoben, ya ɗaure.

Da yamma tsoho ya dawo yana dariya, ya dire masa sabon tulu. "Yau ko ɗaya ba ta fashe ba!"